Tarka: Rana ba ta yi mana rowa ba, batir ne ke cin amanarmu

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga wani gari mai kasuwa a ƙasar Damargu ba ka ga farantin sola ba, wanda mu a nan muke kira panno, ko dai a kan rufin shago, ko a jingine bakin rumfar mai cajin salula, ko a tsakar gidan wani mai ɗan hali. Haka abin yake a Tanut da Bakin Birji da Gangara, haka kuma yake a Belbeji, hedkwatar ƙaramar hukumar Tarka, wadda aka yanke daga gundumar Tanut aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum dubu ɗari a wannan yanki, manoman gero da makiyaya, Hausawa da Buzaye da Fulani, kuma akasarinsu wayar NIGELEC ba ta taɓa bi ta kan gidajensu ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa ko ɗaya cikin goma ba a kai ba. Saboda haka talaka ya nema wa kansa mafita, ya sayar da ɗan akuya ya sayi panno.

To amma ka tambayi duk wanda ya sayi kayan nan, wane ne ya fara mutuwa a cikinsu? Amsa ɗaya za ka ji. Farantin kirki masu ƙera shi kan ba da lamunin shekara ashirin zuwa ashirin da biyar, in dai ba jifa ya sha ba ko iska ta tafi da shi. Batir kuwa, sau da yawa ba ya ganin bazara ta uku. Ran da aka kawo shi zai riƙe ƙwan fitila da fanka har asuba, bayan shekara guda sai ya fara gajiya da tsakar dare, kafin a ankara ya koma kujerar zama a ƙofar shago. Kuma shi ne mafi tsada a cikin kayan idan aka lissafa sau nawa ake sake sayensa. Wato dai rana kyauta ce, amma ajiye ta zuwa dare shi ne harajin da mutumin Tarka ke biya shekara da shekaru, ba tare da kowa ya kira shi haraji ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Batirin dalma, irin na mota da 'yan uwansa da ake sayarwa don sola, an auna ƙarfinsa da tsawon ransa ne a zafin digiri 25. Masu ƙera shi da kansu sun yarda cewa duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan haka yana rage rabin ransa. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Damagaram yana haura digiri 40 a inuwa, cikin ɗakin kwano kuwa, inda yawanci ake ajiye batirin don gudun ɓarayi, ya fi waje zafi. Kuma abin ƙaruwa yake yi, domin a ranar 3 ga Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Hatta hukumomin lafiya na duniya sun ɗauki darasi daga wannan matsala, shi ya sa firjin ajiye allurar rigakafi na zamani da ake kai wa asibitocin karkara aka ƙera shi ba tare da batir ba: da rana yana daskarar da ruwa, da dare ƙanƙarar ce ke riƙe sanyin. Famfunan sola ma haka, an gwammace a tara ruwa a shato da rana maimakon a tara wuta. Dabara ce mai kyau, sai dai ba za ka haska ɗakin haihuwa da ƙanƙara ba, ba kuma za ka yi cajin salula da ruwan shato ba.

Yanzu batirin litiyom ya fara shigowa kasuwanninmu ta Kano da Maraɗi, kuma ko shakka babu ya fi na dalma ta fuskoki da yawa. Ya fi sauƙin ɗauka, ya fi jure caji da saukewa, farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa yau. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka aza harsashinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel. Amma shi ma yana da nasa ciwon, kuma ciwon nasa a ruwan cikinsa yake.

Bari in ɗan yi bayani, domin a nan maganar take. Kowane batir yana da gefe biyu, fosatif da negatif, da kuma wani abu a tsakaninsu da mu muka sani da ruwan batir, masana kuma suke kira ilektirolait. Idan kana caji, 'yan ƙananan ƙwayoyin litiyom masu ɗauke da caji suna ƙetarawa ta cikin ruwan nan daga wannan gefe zuwa wancan, idan kana amfani da wutar sai su dawo. A batirin dalma ruwan asid ne gauraye da ruwa, yana cin tufa amma ba ya cin wuta. A batirin litiyom kuwa gishirin litiyom ne aka narkar a cikin wasu sinadarai masu kama wuta, dangin tina da fetur a wajen hali. Shi ya sa masu ƙera shi ke gargaɗin kada a yi masa caji idan zafi ya wuce digiri 45. Idan cikinsa ya kai wajen digiri 80 zuwa 120, saboda huda ko cajin da ya wuce kima ko lalacewa, sai sinadaran su fara cin junansu, zafi ya haifi zafi, har ya tashi da wutar da ke da wuyar kashewa. Wannan ne ya sa aka dakatar da jiragen Boeing 787 a watan Janairun 2013, shi ne kuma ya sa Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016. Idan manyan kamfanoni masu ɗaruruwan injiniyoyi sun gamu da haka, ina ga batirin da aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta, aka liƙa masa sabuwar takarda, aka ajiye shi a ɗakin da ke maƙwabtaka da rumbun gero da danga ta kara?

Maganin da masana suka daɗe suna nema shi ne a cire ruwan gaba ɗaya, a sa busasshen abu a madadinsa, wanda litiyom zai iya ratsawa amma wuta ba za ta ci shi da sauƙi ba. Akwai wata riba ta biyu. Idan abin tsakiyar ya yi ƙarfi, ana fatan a iya amfani da zallan ƙarfen litiyom a gefen negatif maimakon girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, kuma nauyi da nauyi ƙarfen litiyom yana ɗaukar caji kusan ninki goma na girafait. Abin da ya hana a yi haka da ruwa shi ne litiyom kan yi tsiro kamar ƙaya a lokacin caji, ƙayar ta ratsa ta taɓo ɗaya gefen, sai gobara.

An bi hanyoyi daban-daban. Akwai masu yin busasshen abin da wani irin tangaram, kamar wanda ɗakin binciken Werner Weppner ya fitar a Jamus a 2007, amma sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri dubu, ga shi da saurin tsagewa kamar kowane tangaram. Akwai masu yi da sinadaran farar wuta, kamar wanda Ryoji Kanno ya fitar a Japan a 2011, wanda litiyom ke gudu a cikinsa daidai da yadda yake gudu a ruwa, sai dai da ya shaƙi laima yake fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan hanya ce kamfanin Toyota ya kama, kuma a 2023 ya ce yana sa ran fito da motoci masu irin wannan batir a 2027 ko 2028. Sai kuma masu yi da roba, hanyar da Bafaranshen nan Michel Armand ya nuna tun 1978, wadda za mu dawo kanta.

Hanyar da ta ja hankalina ita ce ta baya-bayan nan, ta sinadarai masu ƙofofi da ake ginawa da kabon. A 2005 ne Omar Yaghi da abokan aikinsa, a lokacin suna jami'ar Michigan ta Amurka, suka bayyana na farko a cikin dangin da ake kira COF. Shi wannan Yaghi, ɗan 'yan gudun hijirar Falasɗinu ne da aka haifa a birnin Amman a 1965, ya tashi a unguwar da famfo ke kawo ruwa sau ɗaya a mako ko mako biyu, rayuwar da duk ɗan Damargu zai gane. A watan Oktoban 2025 shi da Susumu Kitagawa da Richard Robson suka samu Nobel a kan dangin da ake kira MOF, waɗanda ke da ƙarfe a gaɓoɓinsu. Su COF babu ƙarfe a jikinsu, kabon ne da haidurojin da iskar oksijin da naitirojin, wani lokaci da boron, duka abubuwa marasa nauyi. A ido gari ne kawai kamar garin lalle ko na kuka. Amma da za ka iya leƙa cikinsa, saƙar zuma za ka gani, faranti a kan faranti, ramukan sun daidaita da juna sun zama dogayen bututu. Faɗin kowane bututu bai wuce nanomita ɗaya zuwa biyar ba, nanomita kuwa shi ne milimita ɗaya a raba ta gida miliyan, ta yadda silin gashin kai ya fi ramin kauri sau dubu goma ko fiye. Saboda yawan ramukan nan, da za a shimfiɗa bangayen cikin giram ɗaya tak na wasu daga cikinsu, za su rufe fili mai murabba'in mita dubu biyu zuwa dubu huɗu, wato kusan rabin filin ƙwallo.

To me ya haɗa wannan da batir? Mutumin Tarka ya san burtali. Idan garken shanu zai ratsa tsakanin gonaki zuwa rijiya, ba a sakinsa ya bi ko'ina, akwai hanyar da aka shata masa, da iyaka hagu da dama. A cikin ruwan batir na yau babu burtali. Gishirin litiyom idan ya narke kashi biyu yake rabuwa, litiyom da abokin tafiyarsa, kuma dukkansu yawo suke yi, har ma abokin tafiyar ya fi shi sauri, ta yadda abin da litiyom ke ɗauka na aikin bai cika kai rabi ba. Abokin tafiyar nan sai ya taru a gefe ɗaya ya haddasa cunkoso, cunkoson kuma yana daga cikin abin da ke taimaka wa ƙayar da na ambata ta tsiro. A cikin COF, mai haɗa sinadarin yana iya ɗaure abokin tafiyar a turke, a jikin bangon bututun, ya bar litiyom kaɗai yana tsallake daga turke zuwa turke har ya isa. Yana iya zaɓar faɗin burtalin, yana iya zaɓar tazarar turaku, yana iya dasa wasu 'yan zarurrukan roba a bangon don su riƙa miƙa litiyom hannu da hannu. Wannan iko na tsara hanyar tun daga tushe shi ne abin da tangaram da robar gargajiya ba su bayar ba. An fara gwada MOF a wannan aiki a ɗakin binciken Jeffrey Long a Berkeley a 2011, COF kuma wajen 2016, daga nan sai bincike ya ɓarke a Sin da Koriya ta Kudu da Singafo da Amurka da Turai. Da yawa daga cikinsu suna jure zafin digiri ɗari uku ba su narke ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Har yau babu wani batir mai COF a ciki da ake sayarwa a kowace kasuwa ta duniya, balle kasuwar Dole ta Damagaram. Abin yana ɗakin gwaji, a cikin 'yan batura masu girman kwabo. A zafin ɗaki, gudun litiyom a cikin mafi yawansu ya gaza na ruwa sau goma, wani lokaci sau ɗari. Wasu daga cikin alƙaluma masu ban sha'awa da ake bugawa kuwa, idan ka karanta da kyau za ka tarar an ɗan jiƙa ramukan da irin ruwan nan da ake gudu, wato an rage shi ne kawai. Gari ne, kuma matse gari ya zama siririn fai-fai marar tsaga da zai manne da gefe biyu na batir aiki ne ja, domin a kan iyakar kowane ƙwayar gari burtalin yana katsewa. Ga tsada: yadda aka saba dafa shi shi ne a rufe sinadaran a kwalbar gilas a bar su kwana uku a zafin digiri 120, a samu abin da bai cika cokali ba. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya nuna maka kwali ya ce busasshen batir ne na zamani da ba ya cin wuta, ka riƙe kuɗinka. Abin da ake kira busasshe a kasuwanninmu batirin dalma ne da aka daskarar da asid ɗinsa ya yi kauri kamar kamu, kuma zafi na kashe shi kamar yadda yake kashe ɗan uwansa.

Duk da haka akwai wani abu a cikin wannan bincike da nake ganin mu ya fi shafa fiye da waɗanda ke yin sa. Babban abin da Turawa da Sinawa ke kuka da shi game da busassun sinadaran nan shi ne ba sa aiki sosai a sanyi, sai an ɗumama su litiyom ke sakin jiki ya yi gudu. Su matsalarsu motar da za ta tashi da asuba a cikin dusar ƙanƙara, ta yi caji cikin minti goma sha biyar, ta yi gudun kilomita ɗari biyu a awa. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu. Batirin asibitin karkara ko na mai cajin salula yana da yini guda cur ya sha rana a hankali, yana da dare guda ya sauke a hankali, ba ya zuwa ko'ina balle nauyinsa ya dami wani, kuma ɗakin da yake ciki a ɗumame yake watanni da yawa a shekara. Abin da aka rubuta a matsayin aibi a Tokyo, a Belbeji yana iya zama daidai wa daida. Sai dai babu wanda zai tsara batir don Belbeji idan babu wanda ya je teburin da ake tsarawa ya ce ga yanayinmu, ga abin da muke so.

Kuma ba yau Nijar ta fara ganin busasshen batir ba, mutane ne ba su lura ba. Kamfanin Bolloré na Faransa ya ƙera batir a kan hanyar Armand, ƙarfen litiyom da roba babu ruwa, wanda ke aiki a zafin digiri 60 zuwa 80. A birnin Paris, motocin haya na Autolib da suka yi aiki da shi daga 2011 zuwa 2018 sai an bar su a jone ko ba a tuƙa su, don kada batirin ya huce. A tsakiyar shekarun 2010 kamfanin ya kafa wasu cibiyoyi da ya kira Bluezone a Gini da Togo da Benin da Nijar, inda wannan batir ke ajiye wutar sola. Ashe ke nan an taɓa gwada busasshen batir a ƙarƙashin ranarmu da ƙurarmu, kuma yadda ya kasance, mai daɗi ko marar daɗi, ilimi ne da ya kamata ma'aikatar makamashi ta nema ta damƙa wa jami'o'inmu. Kada kuma a ɗauka rashin ruwa yana nufin an rabu da gobara har abada. A watan Afrilun 2022 motocin bas biyu masu irin wannan batir sun ƙone a Paris, har hukumar sufurin birnin ta janye guda 149 daga hanya na wani lokaci. Ƙarfen litiyom shi kansa mafaɗaci ne.

Na san abin da wani zai ce. Mutanen da ke jan ruwa da jaki da raƙumi daga rijiya mai zurfin gaba da yawa, waɗanda yunwar 2005 ta ratsa gidajensu, waɗanda kowace damina sai an yi fargabar rikicin manomi da makiyayi a bakin kwarin Tarka, ina ruwansu da nanomita? A fara ba su rijiya da hatsi tukuna. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ban ce a ɗebi kuɗin rijiya a sayi kwalaben gwaji ba. Amma wannan tunanin ne ya kai mu inda muke. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, fiye da shekara hamsin muna loda shi a mota yana wucewa, yana haska biranen wasu, mu kuma har zuwa 2023 muna sayen kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga Nijeriya. Da aka yanke layin a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga abin da hakan ke nufi, daga Yamai har Damagaram, kuma tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da aka ƙaddamar a shekarar ta rage zafi da rana ne kawai. Da faɗuwar rana aikinta ya ƙare. Matsalar mai rumfar caji a Tarka ita ce matsalar ƙasa baki ɗaya, girma ne kawai ya bambanta.

Yanzu ga litiyom ya zo a layi. Mali ta buɗe mahaƙar Goulamina a watan Disambar 2024. A jihar Nasarawa ta Nijeriya an ƙaddamar da masana'antar tace dutsen litiyom a watan Mayun 2024. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen tun Disambar 2022. Mu ma a 2025 majalisar ministoci ta ba da lasisin haƙarsa a Dannet, cikin gundumar Arlit. Dutsen ba shi ne arzikin ba. A cikin batir, litiyom ɗan ƙaramin kaso ne na nauyi, kuɗin yana wajen wanda ya san yadda ake haɗa gefe biyu da abin tsakiya su zauna lafiya shekara goma. Idan har za a riƙa maganar 'yancin kai a kan ma'adinai, kamar yadda aka yi da aka mai da SOMAIR mallakar ƙasa a watan Yunin 2025, to a rubuta a cikin kowane lasisin litiyom cewa kamfani zai ɗauki nauyin horar da masu ilimin haɗa sinadarai, da sunayensu da adadinsu da jami'ar da za su dawo su koyar. Kason kuɗi gwamnati kan cinye shi a shekara guda, malami kuwa yana yaye ɗalibai shekara talatin.

Wanda ke ganin abin ya fi ƙarfin ɗan Afirka ya binciki tarihi. Rachid Yazami, ɗan Maroko, shi ne a 1980 ya nuna cewa litiyom na iya shiga girafait ya fito, kuma da busasshiyar roba ya yi gwajin, ga shi yau girafait ɗin yana cikin kusan kowace salula da ke aljihunmu. A Pretoria ta Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro batirin gishiri mai suna ZEBRA a shekarun 1980, shi ma busasshen tangaram ne a tsakiyarsa. COF na farko laima na lalata su, kuma wanda ya fito da nau'in da ke jure tafasasshen ruwa da asid a 2012 shi ne Rahul Banerjee, a wani ɗakin binciken gwamnati da ke Pune ta Indiya. Mu ma muna da namu. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya jagoranci hukumar ONERSOL shekaru da dama yana ƙera na'urorin dafa ruwa da injin mai aiki da zafin rana, a lokacin da mafi yawan ƙasashen duniya ke ɗaukar makamashin rana wasan yara. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Suna mun ba shi, aikin nasa ne muka bari ya yi sanyi.

A ganina matakin farko ba ya buƙatar biliyoyi. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, tare da hukumar ANPER mai kula da lantarkin karkara, za su iya kafa ɗakin gwajin batir a Belbeji, ɗaki biyu ma, ɗaya na kwano ɗaya na laka. A sayo duk irin batirin da ake sayarwa a kasuwanninmu, na dalma da na litiyom, mai tsada da mai araha, a jona su da panno iri ɗaya da kaya iri ɗaya, a sa ma'aunin zafi, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya faru kullum har bazara uku. A karanta sakamakon a gidajen rediyo da Hausa da Tamashek da Fulatanci, a faɗi wanda ya cika ƙarfin da aka rubuta a jikinsa da wanda ya yi ƙarya. Wannan kaɗai zai cece dukiyar talakawa mai yawa, zai kuma ba hukumar kwastan hujjar tare tarkace a kan iyaka. Sa'an nan irin wannan ɗaki shi ne abin da za mu ɗauka mu je wa masu binciken COF da shi, domin su suna da garin sinadari da kuɗi, amma zafinsu na cikin akwatin gwaji ne, ba su da hazo da ƙurar hunturu da canjin zafi tsakanin rana da dare irin na Damargu. Sharaɗin shi ne duk wanda ya kawo batirinsa gwaji ya tafi da ɗalibinmu ya koyo haɗin. Kayan da ake gina COF da su ma daga ɗanyen mai asalinsu yake, ga matatar SORAZ nan a kan hanyar Tanut tun 2011, ko da yake tsakanin tace fetur da haɗa irin waɗannan sinadarai akwai tafiya mai nisa.

Kafin nan, mai saye ya taimaki kansa. Idan litiyom za ka saya, nemi nau'in da aka rubuta LFP ko LiFePO4 a jikinsa, domin ya fi sauran jure zafi da wuyar kama wuta, ka kuma tabbata yana da na'urar da ke yanke caji idan ya cika ko ya yi zafi. Ka ajiye shi a ƙasa, a ɗakin laka mai shan iska, nesa da kara da buhunan hatsi, kada a saman kanta kusa da kwano. Wanda kuma batirinsa na dalma ya mutu, kada ya bar yara su fasa shi ko a narka dalmar a tsakar gida don yin wani abu. A unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye, a gefen Dakar, irin wannan sana'a ta fasa tsofaffin batura ta kashe yara 18 tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Matattun baturan da ke jibge a bayan shagunan Tanut da Belbeji suna ƙaruwa kowace bazara, kuma masu riƙe da ƙaramar hukumar Tarka za su iya ware wuri guda mai katanga da za a riƙa tara su, a damƙa wa dillalin da ke da takardar izinin kai su inda ake narkawa bisa ƙa'ida.